Talotalon da Ya Fi Ƙarfin Tandar Noela

Glenys ta kira ni a ƙarshen Nuwamba, zafi ya fara kama gari, don a ƙasar nan lokacin ne bazara, ta ce za ta biyo ta karɓi farantin.

Glenys yayar matata Noela ce. Tun da muka binne Noela a watan Yuli, cikin sanyi da yayyafi, sau biyu ta kira ni, kuma duka biyun wani abu take so. Na farko keken ɗinki ne. Na ba ta.

"Wane faranti?" na ce, alhali ina kallonsa a saman kabad.

"Kar ka fara, Lin. Farantin Kirsimeti."

Farantin na mahaifiyarsu ne, tangaran fari mai shuɗin baki, faɗinsa ya isa a kwantar da jariri a kai. Gida huɗu yake zagayawa, daga babba zuwa ƙarama: Glenys, sai Des, sai Bev, sai Noela auta. Gidan da faranti yake, nan dangi za su ci abincin rana na Kirsimeti mai zuwa. In an gama ci, mai gida ya wanke shi, ya naɗe shi a tawul, ya kai wa na gaba har mota. Bara a gidan Bev aka yi, a Adelaide. Bev ta miƙa wa Noela, Noela ta rungume shi a cinya duk tsawon hanyar gida, tana ce mini in rage gudu a kowace kwana. Ciwon ya riga ya zauna a jikinta a lokacin, mu ne ba mu sani ba.

"Ba wanda ya sa ran za ka yi," in ji Glenys. "Mun yi magana. Ni zan karɓi na bana, tunda dama ni ce a gaba."

"Kun yi magana."

"Mun yi."

"Ku su wa?"

"Mu mana, Lin."

"Bana layin gidan nan ne. Gidan kuma yana nan, ban ji ya rushe ba."

"Kai da ko ƙwai ba ka iya dafawa?"

"Ki gaya wa Des ya kawo talotalonsa."

Na ajiye wayar kafin ta sami abin faɗa, abin da ban taɓa yin nasara a kansa ba sai ranar.

Kada a ɗauka son su nake yi. Shekara arba'in da 'yan kai ina zama a teburinsu ina jin hirar ruwan sama, da farashin alkama, da tsutsar tumaki, da ƙwallo. Ni tarihi na koyar a sakandaren garin nan har na yi ritaya, kuma a wannan dangin karatu wata lalura ce da ake yi wa mutum haƙuri da ita, kamar nauyin kunne. Farfesa suke ce mini, ba don girmamawa ba. Amma ni da Noela ba mu haihu ba. Ƙanena guda ya rasu a Darwin tuntuni. In ka cire waɗannan mutanen, babu wanda ya rage da zai lura in labulen tagata ya daina ɗaguwa. Na kuma san yadda abin ke tafiya. In farantin ya fita ba a kan layi ba, gida uku zai koma zagayawa. Shekarar farko a gayyace ni don tausayi. Ta biyu a aiko kati. Ta uku wani ya ce, "Af, mijin Noela kuwa, yana nan?" Na karanta labarin ƙasashe da yawa da suka ɓace daga taswira. Kaɗan ne aka ci da yaƙi. Yawancinsu daina aika musu manzo kawai aka yi.

Des, wan Noela, manomi ne, gonarsa tana arewa da gari. Shi ke kiwon talotalon dangi kowace shekara, kuma burinsa a duniya shi ne na bana ya fi na bara. Ana saura kwana biyu ya tsayar da a-kori-kurarsa a ƙofar gida, ƙurar girbi har a girarsa, ya rungumo abin a buhun roba.

"Farfesa! Buɗe ƙofa, bayana zai karye."

Ya dire shi a teburin kicin, teburin ya yi ƙara.

"Wannan talotalo ne ko jimina?" na ce.

"Kilo goma sha uku, ban da kayan ciki. Da hannuna na ciyar da shi. Ka san inda ake kunna tandar ma kuwa?"

"Na karanta yadda ake yi."

"To shi ke nan, ka ba shi littafin ya karanta, ya gasa kansa."

Ya yi dariya shi kaɗai. Sai idonsa ya faɗa kan rigar girkin Noela, tana nan a ƙusarta bayan ƙofa, dariyar ta tsaya. Ya cire hula, ya sosa kai, ya dubi tandar, ya dubi tsuntsun, ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu.

"In ka ga abin ya…" Ya mayar da hular. "Ka kira Glenys dai."

"Sai na kira 'yan sanda kafin in kira Glenys."

"Kai ka sani. Ni zan yanka shi a tebur, kamar kullum. Kar ka taɓa shi da wuƙarka ta buɗe wasiƙa."

Sai da na cire duk ragar firij kafin ya shiga. Madara da man shanu suka koma aljihun ƙofa. Duk lokacin da na buɗe firij sai in gan shi zaune, ya cika wurin, ba kai, ƙafafu a sama. Tun bayan jana'iza ba a yi baƙon da ya daɗe a gidan nan kamarsa ba. Bai tambaye ni ya nake ji ba, bai ce mini ta huta ba. Na ji daɗin zama da shi.

Ranar Kirsimeti iskar arewa ta tashi tun kafin rana ta fito, busasshiya, mai zafi kamar an buɗe bakin injin mota. Rediyo ya ce an hana kunna wuta a waje a duk yankin. Na ji da kunne ɗaya, domin ni a ciki zan yi girkina.

Na yi komai yadda littafi ya ce. Na tsane shi da tawul. Na yanka albasa, na murje busasshen burodi, na haɗa da ganyen ƙamshi da ɓawon lemon tsami, na cusa masa. Na shafe shi da man shanu da gishiri tun daga wuya har gindi. Na ɗora shi a tiren gashi, fukafukansa suka zubo ta kowane gefe. Na buɗe tandar, na durƙusa, na tura.

Ƙirjinsa ya daki ƙarfen wutar da ke sama.

Na sauko da raga zuwa matakin ƙasa. Ƙirjin ya wuce da ƙyar, ƙafafu suka tokare ƙofa. Na juya shi, wuya waje gindi ciki, shi ma ya tokare. Na karkata shi, man ya sa ya sulale ya manne da bango. Na cire ragar gaba ɗaya, na ajiye tiren a ƙasan tandar, na danna ƙofar da gwiwa. Saura faɗin tafin hannu ta rufu, kuma daga nan ko gashi ɗaya ba ta ƙara ba. Da na janyo shi sai tiren ya tafi gefe guda, shi kuma ya faɗo mini a cinya. Haka na zauna a ƙasan kicin, tsoho mai shekara saba'in da huɗu, rungume da gawar tsuntsu, man shanu yana bin rigata ta fita.

Littafin ya yi shafi guda a kan yadda ake zaɓar ruwan inabin da ya dace da naman. Bai yi layi ɗaya a kan girman tanda ba. Masu rubuta littafi kullum suna ɗauka kowa yana da ɗaki irin nasu.

Abin da ya fi cin raina shi ne tandar ba ta canja ba. Ita ce dai wadda muka saya tun muna sababbin shiga gidan, ƙarama, fara, mai maɓalli guda da ya tsage. Kowace shekara huɗu Noela tana shiga kicin ɗin nan da jiminar Des, ta kora ni baranda da littafi, ta rufe ƙofa. Tsakar rana ta fito da shi cikakke, ja, yana ƙyalli a kan farantin uwarta, ƙafafu a jere, dankali ya kewaye shi. Ta yaya? Na tambayi kicin ɗin da ƙarfi. Mutum ya mutu ya bar maka rigunansa, da tabaransa, da rabin kwalbar man shafawa, amma abu ɗaya da kake buƙata ya tafi da shi.

Na tuna muna da murhun gawayi a rumfar baya, mai murfi kamar ƙwarya, wanda zai iya ɗaukarsa. Na janyo shi tsakar gida, na ɗauko buhun gawayi. Ina kwance bakin buhun sai na ji murya ta saman shinge.

"Lindsay! Me kake yi?"

Merv ne, maƙwabcina, tsohon direban babbar mota, ya sha farar riga zai tafi gidan 'yarsa.

"Gashi."

"Yau? Ba ka jin iskar nan? Ka kunna wannan abin, ni da kaina zan kira a zo a ɗauke ka, kuma Kirsimeti ce, ba wanda zai yi belinka."

"Bai shiga tanda ba, Merv."

"Wa?"

"Talotalon."

Ya yi dariya har sai da ya riƙe shingen. "Na Des ne? Ai wannan ba gasa shi ake yi ba, sirdi ake ɗaura masa. Tawa tandar irin taka ce, da na ba ka makulli. Ina da zarto dai, in kana so."

"Cikakke ake kawo shi tebur. Haka suke yi."

"To ka ba su shi ɗanye, cikakke. Barka da Kirsimeti, Malam."

Ya tafi. Na ji motarsa ta fita, layin ya yi shiru. Duk wanda yake da wurin zuwa ya tafi.

Na koma ciki na ɗauki waya. Na danna rabin lambar Glenys. Na san abin da za ta ce, na san muryar da za ta faɗe shi da ita, mai laushi, irin ta ma'aikatan asibiti. Za ta zo ta ɗauki tsuntsun, ta ɗauki farantin tunda ta zo, a ce kowa ya wuce gidanta. Na ajiye wayar.

In ba zai shiga cikakke ba, zai shiga a gutsure. Yadda zan kalli Des kuma, wannan matsalar tsakar rana ce.

Na kwashe cushen da na yi masa, na ɗauki wuƙa. Wuƙaƙen gidan nan ba a wasa su ba tun Yuli. Fata kawai na iya tsagawa. Na shiga buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya, har na kai ga ta ƙarƙashin tandar, wadda ban taɓa sanin tana buɗuwa ba. A can baya, bayan murafen tukwane, akwai wani almakashi mai kauri, bakinsa a lanƙwashe, da damin tsinken ƙarfe an ɗaure da roba. Ban tsaya tunanin na mene ne ba. Almakashin ya yi kama da abin da zai yanka ƙashi, shi ke nan.

Ya kuwa yanka. Na ja cinya baya har gaɓar ta yi ƙas, na bi tsagar da almakashi, ta rabu. Na yi wa ɗayar haka. Na cire fukafukai. Na kifa shi, na bi ƙashin baya ta gefe biyu, na ɓare shi na jefa a tukunya don romo. Ba aikin gwani ba ne. Da wani ya shigo a lokacin, da ya ɗauka mota ce ta take tsuntsun. Amma ƙirjin, da ya rabu da sauran, ya zauna a tire lafiya lau, har da sauran wuri.

Cinyoyi da fukafukai na fara sawa, don sun fi daɗewa. Da suka yi ja na fito da su, na lulluɓe su da takarda mai ƙyalli da tawul, na tura ƙirjin da cushen a ƙarƙashinsa. Ƙofar ta rufu. Ban taɓa jin ƙarar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Kicin ya zama wani abin da ban da sunansa. Zafin waje, zafin tanda, fanka tana juya su tana haɗawa. Na cire rigar, na sa ta girkin Noela a kan singileti, don ita ce kusa. Na fere dankali da kabewa. Na haɗa tebur biyu a falo, na shimfiɗa farin mayafi, na jera faranti goma sha huɗu, kowanne da hular takarda mai launi irin ta Kirsimeti a gefensa. Na sa wuƙar yanka a ƙarshen teburin, wurin Des. Ni can ɗaya ƙarshen nake zama, kusa da kwalabe.

Ina ɗiban mai ina zuba wa ƙirjin, waya ta yi ƙara. Maureen ce, matar Des.

"Lin, wuta ta tashi bayan gonar su Heinrich. Des da yaran sun hau motar kashe gobara tun ɗazu. Ni ba zan bar gida ba, ina riƙe da tiyo, karnuka duk sun haukace."

"Bev fa?"

"An rufe babbar hanya saboda hayaƙi, sun juya. Ta ce ta kira ka ba ta samu ba. Ka yi haƙuri, Lin. Des ya ce ka ajiye masa cinya."

"A cire take ma," na ce.

"Me ka ce?"

"Ba komai. Ki kula da kanki."

Na fita baranda ina fatan in ga sama fes, in san ƙarya suka yi. Amma ga hayaƙin can arewa maso yamma, ya tashi kamar bango, ƙasansa baƙi, samansa ruwan ƙasa, ranar ta koma ja. Uzurinsu na gaskiya ne. Ko haushin ma ba su bar mini ba.

Mai hankali da ya kashe tandar. Ni na koma na ƙarasa, domin in na tsaya ban san me zan yi da hannuwana ba. Na soki ƙirjin, ruwan ya fito fari. Na fito da shi, na tura dankali. Na hau kujera na sauko da farantin, na wanke ƙurar shekara guda. Na ɗora ƙirjin a tsakiya, na kawo cinyoyin na jingina, suka faɗi. Na sake jinginawa, suka sake faɗuwa. Sai na tuna da tsinken nan. Na soka biyu a kowace cinya, ɗaya a kowane fiffike. Tsayinsu daidai, kamar an auna. Suka tsaya.

Daga nesa tsuntsu ne. Daga kusa ana ganin tsagar, da kan tsinken. Na ɗauko dankalin da ya gasu na fara jerawa a kan gaɓar cinya don in rufe ta. Layi ɗaya bai isa ba, na ɗora na biyu. Na yi wa ɗaya gefen. Na toshe gindin fukafukai da kabewa. Na ja baya in duba.

Na san wannan farantin. Na sha ganinsa daga can ƙarshen tebur, dankali ya tashi ta gefe biyu kamar ganuwa. Kowace shekara huɗu sai na yi mata ba'a iri ɗaya. In ce, "Noela, wa zai kawo wa tsuntsun nan hari da kika gina masa ganuwa?" Ita kuma ta ce, "Zuba wa mutane abin sha, Lin."

Na zauna a kujerar da na taka. Nan Noela ta tsaya, inda na tsaya, da almakashin nan, cikin zafin nan, tana karya ƙashi, ni ina bayan bango da littafi. Hannuna ya bi inda nata ya bi, ba tare da kowa ya nuna mini ba, domin tandar hanya ɗaya kawai ta bari. Na so in gaya wa wani. Na juya ma, wajen ƙofar ɗakin kwana. Tsohuwar al'ada ce, ba ta san an yi jana'iza ba.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Man da ke farantin ya fara daskarewa sa'ad da na ji mota a ƙofa. Glenys ce, ita kaɗai. Gidanta kudu yake, hanyarta a buɗe. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta suna Perth. Ta shigo da kwanon kayan zaƙi a hannu, ta dubi teburin da kujerunsa, ta dube ni da rigar ƙanwarta.

"Kin zo ɗaukar faranti," na ce.

"Na zo cin abinci. Yunwa nake ji. Je ka sa riga, ba zan ci ina kallon hammatarka ba."

Na sa riga, na ɗauko farantin da hannu biyu, na dire shi a wurin Des. Ta zauna a kujerarta ta kullum, ni a tawa, kujeru a tsakaninmu ba kowa. Ta ɗauki hular takarda ja ta kafa a kai.

"Sa taka."

"Glenys, mu biyu ne."

"Na iya ƙirge. Sa."

Na sa. Ta tashi ta zagaya wurin tsuntsun, ta sa cokali mai yatsu ta ɗaga dankali ɗaya, ta leƙa, ta mayar da shi.

"Ka ga almakashin ke nan."

"Na gani."

"Ni na saya mata. Shekarar farko ta kira ni da sassafe tana kuka, wai ƙofa ta ƙi rufuwa."

"Des ya sani?"

"Wa kake tsammani yake zare tsinken ya zuba a aljihu kafin ya fara yanka? Kowa ya sani, Lin. Har yara."

"Me ya hana ta gaya mini?"

"Ka tambaya?"

Na tsallake wannan. "To me ya hana Des ya kiwata ƙarami?"

"Des ne fa."

Ni na yanka, tunda babu Des. Na zare tsinken na jera su a kan mayafi, ban ga amfanin ɓoyewa ba. Ƙirjin ya ɗan bushe, cinyar ta yi kyau. Glenys ta ce gishiri ya yi yawa, ta ƙara yanka biyu. Muka bar rediyo a kunne muna jin labarin wutar. Can la'asar aka ce iska ta juya, an tare ta a bakin wata hanya. Maureen ta aiko saƙo cewa kowa lafiya, shingen waya ne kawai ya ƙone. Glenys ta cire tabarau ta goge ido da mayafin tebur. Muka ci kayan zaƙinta. Ba mu yi maganar Noela ba kuma. Ita ba ta iya ba, ni kuma ba da ita nake so in yi ba.

Da na fara kwashe naman daga farantin, ta gyara zama, ta sauko da muryar nan mai laushi.

"Lin, dama akwai abin da muka yanke. Ka riƙe farantin. Hannun Noela ya zo na ƙarshe, ya kamata ya zauna a gidanta. Bev ta ga wani a shago, kusan irinsa. Sai mu yi amfani da wancan."

"Ku."

"Za ka riƙa zuwa mana. Kowace shekara. Ba sai ka sha wannan wahalar ba."

Kyauta ce, kuma da zuciya ɗaya ta yi ta, shi ya sa ta fi zafi. Na dubi farantin. Na tuna hannun Noela a kansa a mota, yatsunta a kan shuɗin bakin. A gaskiya ina son in riƙe shi. Tun Yuli, in na shigo kicin, shi nake fara kallo.

Na ɗauke shi na kai wurin wanki. Na wanke shi da ruwan zafi, na goge, na naɗe shi a tawul ɗin da ya zo a ciki. Glenys tana tsaye a bakin ƙofa da hularta ja.

"Lin, ba ka ji abin da na ce ba?"

"Na ji. Buɗe mini mota."

Ta biyo ni waje. Iskar ta yi sanyi kaɗan, tana warin toka. Na ɗora farantin a kujerar gaba, na ja bel na ɗaure shi.

"An yi Kirsimeti a gidan nan," na ce. "An gasa, an kawo tebur, an ci. Ba laifina ba ne in mutum biyu suka zo. Yanzu layinki ne. Ki ce wa Bev ta bar musu farantinsu a shago."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau.

"Shekara huɗu fa, Lin."

"Tarihi na koyar, amma na iya lissafi."

"Za ka kai kusan tamanin."

"In na mutu kafin nan zan sa a sanar da ke."

Ta shiga mota, ta kunna, ta sauke gilashi.

"Ni, Des, Bev," ta ce, tana lanƙwasa yatsu a kan sitiyari. Ta tsaya a na huɗu, sannan ta lanƙwasa shi. "Sai kai. Ka rage gishiri. Kuma ka mayar da tsinken nan inda ka same su, kar ka ɓatar."

Na tsaya har ta sha kwana. Na koma ciki na tattara faranti goma sha biyu da ba a taɓa ba, na mayar da su kabad ba wanki. Na naɗe cinya ɗaya na rubuta sunan Des a kai. Sauran naman zai kai ni tsakiyar Janairu, in ban gaji ba. Na wanke almakashin da tsinken, na ɗaure su da robarsu, na durƙusa na tura su can bayan murafen tukwane.

Da na miƙe, idona ya tafi saman kabad da kansa. Babu komai a wurin sai zagayen da farantin ya bari a cikin ƙura. Na ɗauko tsumma, na ja kujera, na tsaya da ƙafa ɗaya a kanta. Sai na sauko, na rataye tsumman, na je na cire hular takarda.